Ga Ɗaliban Gaffati Masu Son Koyon Ɗaukar Hoto

Ƙannena na Gaffati da ƙauyukan da ke kewaye da ita, maza da mata, waɗanda ke CEG da waɗanda suka haye lise a Mirya ko cikin Damagaram. Maganata yau a kan wani darasi take wanda babu shi a jadawalin ajinku. Akwai lissafi, akwai Faransanci da Ingilishi, akwai fizik da tarihi da labarin ƙasa, amma babu ɗaukar hoto. Ba a tambayarsa a BEPC, ba a tambayarsa a BAC. Duk da haka da wuya yanzu a yi biki ko suna a ƙauyukanmu ba a ga yaro ya ɗaga waya sama yana ɗauka ba, ko tasa ce, ko ta yayansa, ko ta kawun da ya dawo daga Kano ko Libiya. Kayan aiki ya riga malami isowa. Shi ya sa nake so ku riƙe abin nan a matsayin karatu, ku koye shi da littafi da alƙalami da tsari yadda kuke koyon sauran darussa, ko da babu wanda zai ba ku maki a kansa.

A wasu ƙasashe darasi ne sosai. A Ingila ɗalibin sakandare yana iya zaɓarsa ya yi jarrabawa a kansa. Maƙwabtanmu na Najeriya ma sun shigar da shi: manhajar babbar sakandare da suka fara aiki da ita a 2011 ta kawo darussan sana'a 34, ɗaukar hoto na ciki, kuma a 2014 aka fara jarrabawarsu a WAEC. Da aka sake manhajar a 2025 sai aka rage sana'o'in zuwa shida, hoto bai samu shiga ba. Kun ga ke nan, irin wannan darasi gwamnati na iya sa shi yau, gobe ta cire. Wanda ya ce sai ma'aikatar ilimi ta aiko da malamin hoto daga Yamai sannan zai fara, to zai gama lise bai fara ba. Abin da ake koyarwa a waɗancan azuzuwa kuwa ba ɓoyayye ba ne: halin haske, yadda kyamara ke aiki, tsara abin da zai shiga cikin hoto, tarihin sana'ar, haƙƙin wanda aka ɗauka, da adana aiki. Mafi yawan waɗannan suna nan warwatse cikin darussan da kuke zama kuna saurara kullum. Tattara su ne aikinku.

Ku fara da haske, kuma ku fara ba tare da waya ba. Ku samo kwalin sukari ko na sabulu, ku shafe cikinsa da gawayi ya yi baƙi. Ku yanke gefe ɗaya ku rufe shi da farar takarda da aka ɗan shafa wa man gyaɗa har haske yana ratsa ta. A gefen da ke fuskantarsa ku huda ƙofa ɗaya tak da allura. Da hantsi ku fita ku juya hudar wajen wata bishiya da rana ta haska, ku lulluɓe kanku da bayan kwalin da zane mai kauri, ku jira idonku ya saba da duhu. Za ku ga bishiyar a kan takardar, da launinta, da motsin ganyenta, amma kanta a ƙasa, gindinta a sama. Dalili shi ne haske a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa. Wanda ya taso daga ƙololuwar bishiya in ya bi ta hudar a ƙasan takarda zai sauka, wanda ya taso daga gindi kuma ya sauka a sama. Ku ƙara faɗin hudar da ƙusa: hoton zai ƙara haske, amma ya yi dishi-dishi. Daga nan kun gane abin da ya sa aka sa gilashi a bakin kyamara, wato don a samu ƙofa mai faɗi da ke shigar da haske da yawa, gilashin kuma ya tattara shi wuri guda. Wannan shi ne darasin haske da malamin fizik yake zana muku a allo kuna kwafewa, sai dai yanzu kun gan shi da ido.

Ina so ku san cewa wannan ilimi yana da tushe a wurin malaman Musulunci. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya ga haskensu ya shigo ta ƙaramar ƙofa ya faɗa a bango ɗaya-ɗaya, in an rufe fitila guda tabonta kaɗai ke ɓacewa. A littafinsa Kitab al-Manazir ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne in haske ya shiga ido. Abin da ya rage shi ne yadda za a kama hoton ya zauna, kuma wannan ya ɗauki ƙarnuka. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, shi ya yi hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, wajen 1826 ko 1827, ta tagar gidansa, kuma sai da farantin ya sha haske na aƙalla sa'a takwas. A 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta wani Bafaranshen, Daguerre, a Paris. Abin da ya ci wa Niépce yini guda, wayar da ke hannunku tana yin sa kafin ƙiftawar ido.

Kowace kyamara da abu uku take wasa: faɗin ƙofar da haske ke shiga, tsawon lokacin da ƙofar ke buɗe, da saurin kamawar farantin da ke ciki, wanda ake rubuta wa ISO. Kamar cika tulu ne a bakin famfo: in an buɗe famfon sosai tulu ya cika nan da nan, in ɗigo yake yi sai an jira, in aka wuce kima ya yi ambaliya, wato hoto ya ƙone ya yi fari fat. A yawancin wayoyi faɗin ƙofar ba ya canzawa, saura biyun ne a hannunku, a sashen da aka rubuta Pro. Ku shiga ku gwada. Dokin da ke sukuwa a hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, in kuna so ya tsaya cak har a ga ƙurar kofatonsa, ku sa ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. In kuka sa ɗaya bisa 30, doki da mahayi za su zama shafe. Da dare kuma wayar takan ɗaga ISO da kanta, shi ne kuke ganin hoto ya yi tsaki-tsaki. Ga lissafin kashi-kashi da wasunku ke gudu ya biyo ku har cikin wasa.

Rana tamu ta Damagaram tana da hali, dole mai ɗaukar hoto ya san ta. Da tsakar rana tana saman kai, hula ko rawani ya jefa inuwa a fuska, idanu su zama ramuka biyu baƙaƙe, mutum kuma yana ta yamutsa fuska saboda zafi. Lokacin hoto shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe yana fito da zanen bango da saƙar tabarma da tsagar fuska. Ranar hazo a hunturu, wadda kowa ke ƙorafi da ita, rana ce mai kyau ga hoton fuska, domin ƙurar ta tausasa hasken, babu inuwa mai kaifi. Akwai kuma matsalar da ta shafe mu musamman. Dattijo baƙi ya sa farar babbar riga da farin rawani, an ɗauke shi, riga ta fito tas, fuska ta nutse ba a gane ko wane ne. Farin ne ya ruɗi wayar, ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Maganin shi ne a taɓa fuskarsa a kan gilashin wayar kafin a ɗauka, a ɗan ja hasken sama. Wanda ya fi wannan, ku roƙe shi ya zauna daga cikin zaure, dab da bakin ƙofa, yana fuskantar waje. Hasken tsakar gida zai faɗo masa a hankali, bayansa ya yi duhu, fuskar ta fito da duk kwarjininta. Ba kwa buƙatar fitila ko studiyo. Kuma don Allah ku riƙa goge idon kyamarar da gefen riga mai tsabta, ƙura da maiƙon hannu sun ɓata hotuna fiye da arhar waya. In abu ya yi nisa ku taka ku matsa, jawo shi da yatsa ɓata shi yake yi.

Sai kallo. Kafin ku taɓa maɓalli ku bi kusurwa huɗu na hoton da ido. Shin turken wuta bai tsiro daga kan mutumin ba? Baƙar ledar da ke ƙasa tana da aiki a hoton? An yanke ƙafa ko hannu? In yaro za ku ɗauka ku durƙusa daidai tsayinsa. In maginiyar tukwane ce a Mirya ko baduku a Damagaram, hannuwan ne labarin, ku nemi inda haske ya faɗa a kansu. Ku hana kanku ɗauka barkatai. A kowace fita ku ce hoto goma kawai, ku dawo ku zauna da abokai a zaɓi ɗaya, kowa ya faɗi dalilinsa. A wannan gardamar ake koyo.

Ga aikin gida na shekara guda da nake so kowannenku ya ɗauka. Ku zaɓi gawo ɗaya a gonarku, ku kafa dutse a inda za ku riƙa tsayawa, ku ɗauke shi ranar farko ta kowane wata a lokaci guda. Bayan shekara ku jera hotuna 12. Za ku ga abin da kowane manomi ya sani amma ba a cika nuna shi a jere ba: da damina, lokacin da komai ya yi kore, gawo ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi lif yana ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Kada ku raina irin wannan aiki. Bayan farin shekarun 1970 da 1980 duniya ta ɗauka hamada ta gama cinye ƙasarmu. Sai masu bincike, cikinsu akwai Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Chris Reij, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka ɗauko hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 suka gwada da na wajen 2005. Suka ga itatuwa sun ƙaru ninki-ninki a gonaki, musamman a Mirya da Magarya da Matamaye. Suka ƙiyasta kadada miliyan biyar da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma ba shuka su aka yi ba, manoma ne suka riƙa barin tohon gawo da sauran itatuwa suna yi musu sassabe mai kyau. Iyayenku ne suka yi aikin. Amma da babu tsohon hoto mai kwanan wata da za a gwada da sabo, da mutanen nesa ba su yarda ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna. Masu tarihin Damagaram suna lissafa Gaffati cikin wuraren da zuriyar Malam, wanda ya kafa sarautar, ta zauna kafin Sarki Sulaiman ya mayar da gadon sarauta Zinder, wato birnin Damagaram na yau, a farkon ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni ya sa aka ƙera igwa, ya rasu a 1884 ba mu da hotonsa. Da kyamara ta iso mana, a hannun baƙi ta iso. A 1899 aka yi yaƙin Tirmini da sojojin Faransa, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa mulki da ransa, kuma a watan Nuwamba na shekarar ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya sauka Damagaram da bindigogi da kayan ɗaukar hoto. Daga nan har bayan da aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926, sojoji da jami'ai da 'yan kasuwar Turawa ne ke ɗaukar kakanninmu. Da yawa daga hotunan an buga su a katin gaisuwa ana aikawa Faransa. In kuka duba rubutun da ke ƙarƙashin irin waɗannan katuna za ku ga an ce mace Bahaushiya, ko ɗan kasuwa, ko mahayi. Babu suna. Wataƙila kakar kakar ɗayanku ce take kallonku daga cikin takardar, ba ku da hanyar sani. Mai ɗaukar bai tambaya ba, domin a wurinsa samfuri ce, ba 'yar wani ba ce.

Ku kuna da abin da waɗancan ba su da shi. Kun san sunan kowa, kun san gidansu, kuna jin harshensu. To kada ku maimaita laifin baƙo a kan 'yan uwanku. Kowane hoto da kuka yanke shawarar ajiyewa, ku ba shi lamba, ku buɗe littafi ku rubuta: ranar kaza, wuri kaza, wance 'yar wane, tana sussukar gero, ni wane na ɗauka. Ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, wanda hannunku ya fi sabawa da shi. In tsoho ne ku zauna ku tambaye shi shekarar da aka haife shi ta dace da wane sarki ko wace yunwa, ku rubuta. Hoto da sunansa shaida ne, ana iya kai shi gaban masu tarihi. In babu suna, bayan shekara talatin ba mai iya cewa komai a kansa.

Shi kansa mai ɗaukar yana iya ɓacewa. Seydou Keïta na Bamako kafinta ne tun farko, kawunsa ya ba shi ƙaramar kyamara a 1935, ya buɗe studiyo a 1948 a tsakar gidansu, yana aiki da hasken rana da zane a bayan mutum. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukar ba. Da aka bi sawu har Bamako sai aka same shi da dubban finafinan hotunansa a ajiye cikin tsari, babu mai iya musun aikinsa ne. Ya rasu a 2001, a 2016 kuma aka cika babban zauren Grand Palais na Paris da aikinsa. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, wanda ya bi samarin Bamako wuraren biki da bakin kogi, ya karɓi babbar lambar baje kolin Venis a 2007. Mu ma muna da Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai ta shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Abin da suka ɗauka ba abin mamaki ba ne a zamaninsu, maƙwabta ne cikin kayan salla, da keke, da rediyo. Ajiya ce da wucewar lokaci suka ba shi daraja.

Ajiya kuwa ita ce raunin zamaninku. Waya takan faɗa rijiya, a sace ta, ko a goge komai don a samu wurin sa fim. Ku riƙa ajiye aikinku a wuri biyu, ɗaya a katin waya na dabam da ke cikin akwati a gida. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an matse shi ya rage kyau, in kuna son asalinsa ku tura shi ta hanyar tura takarda. Mafi kyawu kuma, duk sanda kuka shiga Damagaram da 'yan kuɗi ku wanke biyu ko uku, ku rubuta bayani a bayansu da fensir.

Ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Zinder, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, a unguwar da Nijar ta sa cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta karɓa tun 2006. Bidiyon faɗuwarsa ya zaga wayoyi cikin sa'o'i. Na yi ta tunanin mutum nawa ne a cikinmu, kafin ranar, ya taɓa tsayawa ya ɗauki ginshiƙansa ɗaya-ɗaya, da rufin azararsa, da ƙofofinsa, da ma'auni a gefe don a san tsayi. Magini da zai so ya mayar da gini yadda yake, irin waɗannan hotuna yake nema. A ƙauyukanku akwai rumbuna na ƙasa, da zaurukan masu gari, da tsofaffin rijiyoyi, da maƙera da masaƙa da ba su da magaji. Siminti da kwano suna cin gini, ajali yana cin mutane, kuma babu wani ɗan jarida da zai taso daga Yamai domin rumbun kakanku.

Yanzu maganar amana, kuma a nan ba na sassautawa. Kada ku ɗauki mutum sai da izininsa, kada ku watsa sai da izini na biyu, domin wanda ya yarda a ɗauke shi ba lallai ya yarda duniya ta gan shi ba. In an ce a'a, ku mayar da waya aljihu ku yi godiya. Matar aure, yarinya a bakin rijiya, majinyaci, gawa, wanda hatsari ya rutsa da shi, mai karɓar taimako: duk waɗannan suna da mutuncin da ya fi hotonku. Na ga auren da ya mutu saboda hoto guda da wani yaro ya tura wa abokinsa cikin wasa, kuma abin da ya fita ba ya dawowa. Ku sani akwai dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka ƙara tsaurarawa a 2024, tana iya kai mutum kurkuku kan abin da ya watsa. Ku nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro da waya a ɗage. Sannan kada ku ƙara wa hoto abin da babu, ko ku ɗauko tsohon hoto na wata ƙasa ku ce jiya ne a Damagaram. Yanzu kwamfuta tana ƙirƙiro hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Wanda ya koyi haske da inuwa ya fi kowa saurin gane na jabu, ya kamata ya zama mai tsayar da ƙarya a zauren WhatsApp na garinsu.

Na san wasunku za su ji an ce a gida hoto haramun ne. Kada ku yi wa iyaye tsiwa a kan wannan. Malamai sun yi saɓani: akwai masu hanawa sai don lalura irin ta katin ɗan ƙasa da fasfon hajji, akwai kuma da yawa da suka bambanta gunki da sassaƙe da hoton kyamara. Ku je wurin malamin da gidanku ya yarda da shi ku tambaya cikin ladabi. In an hana ku ɗaukar mai rai, itatuwa da gine-gine da kayan sana'a da tsofaffin takardun ajami sun isa su cinye muku shekaru.

Ku 'yan mata, ina da magana da ku ta musamman. Rabin rayuwar garinmu a cikin gida take, inda namiji baƙo ba ya shiga: daka, kitso, lalle, jeren ɗakin amarya, tuyar ƙuli-ƙuli, hirar tsofaffi mata da suka san tarihin kowane gida. Ku kaɗai ke iya ɗaukar wannan ba tare da an keta haddin kowa ba, kuma matan da ba za su tsaya gaban namiji ba za su tsaya gabanku. Wani ɗan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, tun daga 1968 ya bi salon kitson mata yana ɗauka har ya tara kusan dubu, yau ana nazarinsu a manyan gidajen tarihi. Wa ya tara na Damagaram? Ku dubi Aicha Macky, haifaffiyar Zinder a 1982. Ta karanta ilimin zamantakewa a Jami'ar Abdou Moumouni, ta ƙware a fim a makarantar IFTIC ta Yamai, ta dawo gida ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗin da ta sa wa suna Zinder a 2021, aka nuna shi a ƙasashe da yawa. Samarin da kowa ke tsoro sun buɗe mata ƙofa domin 'yar gari ce, kuma ta zauna ta saurare su.

Ku lura da hanyar da ta bi: ta gama makaranta tukuna. Ina faɗin haka domin na san wani zai samu jaka biyu a wurin biki ya ce karatu ya ishe shi. Akwai kuɗi a hoto, ba na musu: hoton katin jarrabawa, biki da suna da saukar Alƙur'ani, 'yan kasuwa da dukawa masu son a ɗauki kayansu su tallata a waya, ƙungiyoyi da kafofin labarai. Amma wayar nan ta kashe kasuwar masu hoto da yawa, yanzu ba a biyan mutum sai a kan abin da mai waya ba zai iya yi wa kansa ba. Wanda ya iya haske, ya iya rubuta bayani mai tsabta da Hausa da Faransanci, ya iya lissafin kuɗin aikinsa, ya cika alkawari, shi ake kira. Duk waɗannan a aji ake samunsu. BAC ɗin ne zai buɗe muku manyan makarantu irin su Jami'ar André Salifou ta Zinder. Ku bar hoto ya zauna a ranakun hutu da bayan la'asar, kada ya shiga lokacin bita, kada kuma ya hana ku zuwa gona.

Rashin waya ba hujja ba ce. Ku haɗu ku takwas ko goma, ku je wurin malamin fizik da malamin tarihi ku roƙe su su tsaya muku, ku nemi izinin darakta a ba ku aji ɗaya sau ɗaya a mako. Waya guda ta aro ta isa, kowa da ranarsa, sauran su riƙe littafi. Ku raba aiki: wannan wata kasuwa, wata mai zuwa masu sana'a, bayan girbi rumbuna. Ƙarshen shekara ku yi karo-karo ku wanke hotuna ashirin, ku manna su a bangon aji da bayaninsu, ku gayyaci mai gari da iyaye da mutanen da ke cikin hotunan, kowa a ba shi nasa ya tafi da shi gida. Malamai kuma, in yaran nan suka zo muku, don Allah kada ku kore su.

Kafin ku kai ga haka, ga abin da nake roƙon kowannenku ya yi a wannan mako. Ku je wurin wanda ya fi kowa tsufa a gidanku, ku durƙusa ku gaishe shi, ku nemi izini. In ya yarda, ku zaunar da shi a bakin zaure bayan la'asar, ku ɗauke shi, sannan ku buɗe littafi ku rubuta sunansa da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, da garin da aka haife shi, da ranar da kuka ɗauka. Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya yi muku albarka.